Bindiga, Lauya da Jerin Sunaye: Nazarin Lamarin Faisal Shahzad da Muhawarar Majalisar Dattawan Amurka ta 2010

Da yammacin Asabar, 1 ga watan Mayun 2010, wasu masu kasa kaya a bakin titi a dandalin Times Square da ke birnin New York suka lura da wata mota ƙirar Nissan Pathfinder da aka ajiye kusa da su, injinta na aiki, babu kowa a ciki, ga kuma hayaƙi yana fitowa daga cikinta. Suka sanar da wani ɗan sanda da ke sintiri a kan doki, kuma daga cikin waɗanda suka fara ankara da motar har da wani Musulmi ɗan asalin Sanagal mai sayar da hotuna a wurin. Da masu kwance bam suka buɗe ta, sai suka tarar da tukwanen gas uku, da jarkokin fetur biyu, da kayan wasan wuta, da agogo biyu, da wani akwatin ƙarfe cike da takin zamani. Bam ɗin bai tashi ba, saboda an haɗa shi ba daidai ba, kuma takin da aka zuba ba irin mai fashewa ba ne. Babu wanda ya mutu, babu wanda ya ji rauni.

Bayan kimanin sa'o'i 53, da daren Litinin 3 ga wata, jami'an tsaro suka shiga wani jirgin kamfanin Emirates da ke shirin tashi zuwa Dubai daga filin jirgin sama na Kennedy, suka fito da wani mutum mai shekara 30 mai suna Faisal Shahzad. Haifaffen Pakistan ne, ɗan wani babban hafsan sojan sama mai ritaya, ya zo Amurka karatu, ya yi digiri biyu a Jami'ar Bridgeport da ke jihar Connecticut, ya yi aiki a fannin lissafin kuɗi, sannan a watan Afrilun 2009 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Daga baya shi da kansa ya shaida wa kotu cewa ya sami horon haɗa bam a yankin Waziristan a hannun 'yan Taliban na Pakistan kafin ya dawo Amurka a watan Fabrairun 2010. A cikin motar da ya tuƙo zuwa filin jirgin, wadda ya bari a wurin ajiye motoci, an sami bindiga ƙirar Kel-Tec da harsasai. Ya saye ta ne a watan Maris a wani shago a Connecticut, bisa ƙa'ida, bayan an binciki sunansa ba a sami abin da zai hana a sayar masa ba.

Cikin kwana uku da kama shi, wannan mutum guda ya jawo tambayoyi uku a Washington. Ta farko, ko ya dace a sanar da shi haƙƙinsa na yin shiru da na samun lauya kamar kowane mai laifi, ko kuwa a ɗauke shi a matsayin abokin gaba da aka kama a fagen yaƙi. Ta biyu, ko gwamnati za ta iya ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa. Ta uku, ko wanda gwamnati ke zargi da alaƙa da ta'addanci yana da damar shiga shago ya sayi bindiga. Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari shi ne tambayoyin uku tushensu ɗaya: me gwamnati za ta iya raba mutum da shi bisa zarginta kaɗai, kafin wani alƙali ya ga hujjarta? Amma 'yan siyasar da suka amsa su ba su ba da amsa ɗaya ba. Kowanne ya tsaya kai da fata a kan bin ƙa'idar shari'a a inda haƙƙin da yake ƙauna yake, ya kuma sassauta a inda haƙƙin bai dame shi ba.

Yadda aka iso nan

Ba a watan Mayun 2010 wannan gardama ta fara ba. Kwana uku bayan harin 11 ga Satumban 2001, majalisar dokokin Amurka ta ba Shugaba George W. Bush izinin amfani da ƙarfin soja a kan waɗanda suka kai harin da masu ba su mafaka. A kan wannan izini gwamnati ta gina matsayinta cewa tana iya tsare duk wanda ta ayyana a matsayin mayaƙin abokan gaba ba tare da tuhuma ba, har sai yaƙin ya ƙare, alhali yaƙi ne da babu wanda ya iya faɗin yadda ƙarshensa zai kasance. A ranar 11 ga Janairun 2002 aka kai rukunin farko na fursunoni sansanin Guantanamo da ke tsibirin Kyuba, inda a jimlace aka tsare mutum kusan 780, kuma mafi yawansu an sake su daga baya ba tare da an taɓa tuhumarsu da komai ba.

Abin bai tsaya a kan baƙi ba. Yaser Hamdi, wanda aka haifa a jihar Louisiana aka kuma rene shi a Saudiyya, an kama shi a Afganistan, aka tsare shi kusan shekara uku babu tuhuma. A watan Yunin 2004 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamnati na iya tsare shi, amma dole ne a ba shi damar ƙalubalantar dalilin tsarewar a gaban wani mai hukunci da ba ya ɗaukar ɓangare. Mai Shari'a Sandra Day O'Connor ta rubuta cewa halin yaƙi ba ya ba shugaban ƙasa damar yin abin da ya ga dama da haƙƙin 'yan ƙasa. Maimakon gwamnati ta kawo hujjarta, sai ta sake shi a watan Oktoba na wannan shekara, bisa sharaɗin ya ajiye zama ɗan Amurka ya koma Saudiyya. Shi kuwa José Padilla, haifaffen New York, a filin jirgin sama na Chicago aka kama shi a watan Mayun 2002, aka shelanta wa duniya cewa yana shirin tayar da bam mai gurɓata iska da sinadarin nukiliya, aka kulle shi a kurkukun sojan ruwa da ke Charleston har shekara uku da rabi. Da aka miƙa shi ga kotun farar hula, takardar tuhumar ba ta ambaci wancan bam ɗin ba ko da sau ɗaya. An same shi da wasu laifuffuka na haɗa baki da tallafa wa ta'addanci a 2007.

Akwai makonni biyu a watan Yunin 2008 da suka fito da rabuwar kan a fili. A ranar 12 ga wata, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Boumediene cewa fursunonin Guantanamo suna da haƙƙin neman alƙali ya duba halaccin tsare su, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. A ranar 26 ga wata, kotun ta yanke a shari'ar Heller cewa gyara na biyu na kundin tsarin mulki ya ba kowane mutum haƙƙin mallakar bindiga a gidansa domin kare kansa, nan ma biyar a kan huɗu. Alƙalai huɗu da suka ƙi yarda da haƙƙin fursuna duk sun goyi bayan haƙƙin bindiga, huɗun da suka ƙi yarda da haƙƙin bindiga kuma duk sun goyi bayan haƙƙin fursuna. Mai Shari'a Anthony Kennedy ne kaɗai ya kasance cikin masu rinjaye a hukuncin biyu. Kowane ɓangare, a shari'ar da ya sha kaye, ya yi gargaɗin cewa hukuncin zai jefa rayukan mutane cikin haɗari. Mai Shari'a Antonin Scalia ya rubuta ƙarara cewa hukuncin Boumediene zai jawo a kashe ƙarin Amurkawa. Lakhdar Boumediene kansa, ɗan asalin Aljeriya da aka kamo daga Bosniya, da wani alƙali ya duba hujjar gwamnati a watan Nuwamban 2008 sai ya ce ba ta isa ba, aka sake shi ya tafi Faransa a 2009 bayan fiye da shekara bakwai a tsare.

Wata huɗu kafin lamarin Shahzad, wani abu ya faru da ya shafe mu 'yan Nijeriya kai tsaye. A ranar 25 ga Disamban 2009, Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a cikin jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit. Mahaifinsa, Alhaji Umaru Mutallab, ya riga ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja a watan Nuwamba ya kai ƙorafin cewa ɗansa ya faɗa hannun masu tsattsauran ra'ayi, abin da ba kowane uba ne zai iya yi ba. An shigar da sunan a wani babban rumbun bayanai mai ɗauke da sunaye fiye da rabin miliyan, amma ba a sa shi a jerin waɗanda aka hana hawa jirgi ba. Bayan kama shi, jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, sun yi masa tambayoyi na kimanin minti 50, daga baya aka sanar da shi haƙƙinsa, kuma 'yan jam'iyyar Republican suka yi ca a kan gwamnatin Barack Obama cewa ta yi asarar bayanan sirri. A watan Janairun 2010 aka sa Nijeriya cikin ƙasashe 14 da ake yi wa matafiyansu bincike na musamman, wato laifin mutum ɗaya ya shafi miliyoyi, har zuwa watan Afrilu da aka janye matakin. Da wannan zafin a zukata aka shiga lamarin Times Square.

Zaman 5 ga Mayu

Tun kafin a gama bayyana yadda aka kama Shahzad, Sanata John McCain ya ce babban kuskure ne a sanar da shi haƙƙinsa kafin a tatso duk abin da ya sani. Haƙƙin da ake magana a kai ya samo asali ne daga hukuncin Kotun Ƙoli na 1966 a shari'ar Miranda: kafin ɗan sanda ya yi wa wanda ke hannunsa tambayoyi, dole ya gaya masa cewa yana da damar yin shiru, cewa abin da ya faɗa za a iya amfani da shi a kansa a kotu, kuma yana da damar samun lauya. Tun 1984 kotun ta buɗe wata ƙofa, cewa idan akwai barazana ga rayuwar jama'a nan take, ana iya yin tambayoyin gaggawa kafin gargaɗin. Ta wannan ƙofa jami'an FBI suka bi: suka fara tambayar Shahzad ko akwai wani bam ko wasu abokan aiki, sannan suka karanta masa haƙƙinsa. Ya ce ya ji, ya kuma ci gaba da magana. Kusan mako biyu yana sa hannu a kan takardar yafe haƙƙinsa na a gaggauta kai shi gaban alƙali, sai ranar 18 ga Mayu ya fara bayyana a kotu.

A ranar Laraba 5 ga Mayu, kwamitin tsaron cikin gida na Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Sanata Joe Lieberman, ya zauna a kan batun 'yan ta'adda da bindigogi. An tsara zaman tun kafin abin da ya faru a Times Square, amma abin ya ba shi wani nauyi dabam. Magajin garin New York Michael Bloomberg da shugaban 'yan sandan birnin Raymond Kelly sun zo goyon bayan wani ƙudurin doka na Sanata Frank Lautenberg da ɗan Majalisar Wakilai Peter King, wanda zai ba Antoni Janar ikon hana sayar da bindiga ko abin fashewa ga wanda ake zargi da alaƙa da ta'addanci. Ba sabon ƙuduri ba ne, domin Ma'aikatar Shari'a ta gwamnatin Bush ta goyi bayan irinsa tun 2007.

Domin a gane abin da ake nema, sai an san yadda ake sayen bindiga a can. Idan mutum ya je wurin dillali mai lasisin gwamnatin tarayya, zai cike takarda, dillalin ya tura sunansa ga wani tsarin bincike na FBI da ya fara aiki a 1998. Doka ta lissafa waɗanda aka haramta wa: wanda aka taɓa samu da babban laifi, da wanda ya tsere wa shari'a, da mai ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, da wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, da baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba, da wanda aka samu da laifin dukan iyalinsa, da wasu kaɗan. Galibin waɗannan abubuwa ne da ke da wani hukunci ko wata takarda a bayansu. Kasancewar suna a jerin waɗanda ake sa wa ido saboda ta'addanci ba ya cikin lissafin. Tun watan Fabrairun 2004 ana gwada sunan mai saye da wannan jeri, kuma idan ya dace ana sanar da jami'an da ke bibiyarsa, amma in ba a sami wani dalili daga cikin waɗanda doka ta ambata ba, ciniki zai wuce. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisa ya kawo alƙaluma a zaman: daga Fabrairun 2004 zuwa Fabrairun 2010, sau 1,228 sunan mai neman sayen bindiga ko abin fashewa ya dace da jerin, kuma sau 1,119 an bar cinikin ya wuce, wato kashi 91 cikin ɗari.

Hujjar Bloomberg mai sauƙin fahimta ce: idan ƙasa ta ga mutum yana da haɗarin da ba za a bar shi ya hau jirgi tare da jama'a ba, to ai ya kamata a duba da kyau kafin a miƙa masa bindiga. Sanata Lindsey Graham na jihar South Carolina, ɗan jam'iyyar Republican, wanda ya daɗe yana aikin lauya a rundunar sojan sama, shi ne ya ja da maganar. Ya ce ƙudurin ya wuce gona da iri, cewa mallakar bindiga haƙƙi ne da ke rubuce a kundin tsarin mulki, kuma ba za a raba ɗan ƙasa da shi ba don kawai wani jami'i ya sa sunansa a jerin da ke cike da kurakurai. A wannan zama dai, Graham ya nanata cewa yana so a daina karanta wa irin su Shahzad haƙƙinsu na yin shiru. Washegari Lieberman, wanda ke goyon bayan hana bindigar, ya gabatar da wani ƙudurin tare da Sanata Scott Brown da zai ba Ma'aikatar Harkokin Waje damar ƙwace zama ɗan ƙasa daga wanda ta ga yana taimaka wa ƙungiyar ta'addanci ta waje. Wannan ƙuduri bai je ko'ina ba, domin tun 1967 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba a raba Ba'amurke da ƙasarsa sai da nufinsa.

Auna hujjojin

A ganina Graham ya yi gaskiya game da jerin sunayen, kuma abin da ya bayyana daga baya ya ƙara tabbatar da hakan. Cibiyar da ke riƙe da jerin an kafa ta a 2003, kuma ma'aunin shigar da suna shi ne zato mai dalili, wanda ya yi ƙasa da abin da ake buƙata kafin a kama mutum, balle a same shi da laifi. Ƙa'idojin gwamnati na 2013, waɗanda suka fita ga 'yan jarida a 2014, sun faɗa a sarari cewa ba a buƙatar tabbatacciyar hujja kafin a sa suna. Ba a sanar da mutum an sa shi, ba a gaya masa dalili, kuma yawanci a filin jirgi yake ganewa, lokacin da ma'aikaciyar da ke duba tikiti ta daɗe tana kallon kwamfuta, ta ɗauki waya, sai ga jami'ai sun kewaye shi a gaban matarsa da 'ya'yansa. A 2004 an tare Sanata Edward Kennedy sau da dama saboda wani suna mai kama da nasa, kuma sai da ya kai maganar ga sakataren tsaron cikin gida kafin a gyara. Wanda ba sanata ba, wa zai kira? Rahinah Ibrahim, 'yar Malesiya mai karatun digirin digirgir a Jami'ar Stanford, an sa mata ankwa a filin jirgin San Francisco a 2005. Ta shafe shekaru tana shari'a kafin a 2014 Alƙali William Alsup ya bayyana cewa wani jami'in FBI ne ya yi kuskure wajen cike takarda, ya sa alama a gurbin da bai kamata ba. Gwamnati ta yi ta fakewa da sirrin ƙasa tsawon shekaru don kada wannan kuskuren ya fito. Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to ina ga zaton da aka rubuta a takarda, aka raba wa kamfanonin jiragen sama da 'yan sanda da gwamnatocin wasu ƙasashe, mai sunan kuma bai san da shi ba?

Akwai kuma abin da masu goyon bayan ƙudurin ba su cika son tsayawa a kai ba: dokar da suke nema ba za ta hana Shahzad sayen bindigarsa ba. A watan Maris sunansa ba ya cikin jerin. Sai ranar Litinin da aka kama shi aka sa shi cikin waɗanda aka hana hawa jirgi, kuma duk da haka ya sayi tikiti da tsabar kuɗi ya hau, saboda kamfanin jirgin bai duba sabon jerin ba, sai jami'an kan iyaka ne suka gano sunansa a takardar fasinjoji ana dab da tashi. Jerin da ya tare sanata ya kuma sa wa ɗaliba ankwa, bai ga mutumin da ya dawo daga Waziristan ba.

Sai dai duk hujjar da Graham ya kawo don kare mai sayen bindiga tana aiki da ƙarfi fiye da haka a kan wanda ake tsare da shi. Haƙƙin kada a tilasta wa mutum ba da shaida a kan kansa da haƙƙin kada a raba shi da 'yancinsa sai ta hanyar shari'a suna cikin gyara na biyar, haƙƙin lauya da na shari'a cikin hanzari suna cikin na shida, duk a takarda ɗaya da gyara na biyu. Wanda aka hana bindiga bisa kuskure zai koma gidansa ya kwana da iyalinsa, gobe ya nemi lauya. Wanda aka kulle a kurkukun soja bisa kuskure ba shi da hanyar da zai ma sanar da kowa cewa an yi kuskure. Kurkukun da aka ajiye Padilla da Hamdi a jihar Graham yake, kuma Graham ɗin ne ya jagoranci gyaran dokar 2005 da ya nemi rufe wa fursunonin Guantanamo ƙofar kotunan tarayya.

Adalci ne a kawo amsar da ɓangarensa ke bayarwa, domin ba maras tushe ba ce. Suna cewa akwai bambanci tsakanin suna a takarda da mutumin da aka kama ya ajiye bam a tsakiyar birni. Na farko zargi ne, na biyu kuwa aikin yaƙi ne, kuma dokar yaƙi ta daɗe da yarda a tsare mayaƙi a yi masa tambayoyi domin a hana hari na gaba, ba domin a hukunta shi ba. Matsalar ita ce wa zai tabbatar cewa wannan mutumin shi ne mai bam ɗin. Idan hujja ta yi ƙarfi kamar ta Shahzad, kotun farar hula ba ta da wahalar hukunta shi. Idan kuma ba ta yi ƙarfi ba, to a nan ne ake buƙatar alƙali fiye da ko'ina, kuma a nan ne tsarewar soja ke kawar da shi. Gwamnatin da ta yi kuskure a kan Rahinah Ibrahim ita ce dai ta tsare Boumediene shekara bakwai, da jami'ai iri ɗaya da rahotannin sirri iri ɗaya. Ba zai yiwu a ce ba a amince da ita ta hana cinikin bindiga ba, amma an amince da ita ta ɗauke mutum daga idon duniya.

Ɗaya ɓangaren ma bai tsira ba. 'Yan jam'iyyar Democrat da suka shafe shekarun Bush suna sukar jerin sunaye na sirri da tsarewa babu tuhuma, su ne suka rungumi jerin nan da zarar ya zama makamin taƙaita bindigogi. Gwamnatin Obama kanta, ta bakin Antoni Janar Eric Holder a ranar 9 ga Mayu, ta ce tana son a faɗaɗa damar yi wa waɗanda ake zargi da ta'addanci tambayoyi kafin gargaɗi. Irin wannan karkata ta taɓa bayyana ta ɗaya fuskar a ƙarshen 2001, lokacin da Ma'aikatar Shari'a ƙarƙashin John Ashcroft ta tsare ɗaruruwan baƙi, galibinsu Musulmi, ba tare da bayyana sunayensu ba, amma ta hana FBI duba bayanan sayen bindiga don ganin ko wani cikinsu ya saya, bisa dalilin cewa doka ba ta ba da damar amfani da waɗannan bayanai ta haka ba. Abin da ke damuna a duk wannan shi ne waɗanda nauyin ke sauka a kansu ba sa canzawa ko wane ɓangare ne ya yi nasara. Fursunonin Guantanamo duk Musulmi ne, kuma lokacin da wani kwafin jerin na 2019 ya fita a 2023, ƙungiyar kare haƙƙin Musulmin Amurka ta CAIR ta bincika ta ce mafi rinjayen sunayen da ke ciki na Musulmi ne.

Abin da ya biyo baya

A ranar 21 ga Yunin 2010, Shahzad ya amsa laifuffuka goma da aka tuhume shi da su a kotun tarayya da ke Manhattan, a gaban Mai Shari'a Miriam Cedarbaum. Bai nuna nadama ba. Ya kira kansa soja, ya ce ramuwar gayya ce kan yaƙe-yaƙen Amurka a ƙasashen Musulmi da hare-haren jirage marasa matuƙa, kuma da alƙaliyar ta tambaye shi game da yaran da ke dandalin a daren, bai ja da baya ba. Babu wani zalunci da aka yi a wani wuri da zai halatta ƙona masu wucewa a titi. A ranar 5 ga Oktoba aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Daga kamu zuwa hukunci wata biyar ne, da lauya, a buɗaɗɗiyar kotu, kuma ya ba da bayanan da ake cewa gargaɗin zai hana samu. Abdulmutallab ma ya ci gaba da magana da masu bincike bayan an kawo wasu danginsa daga Nijeriya, kuma kotun farar hula ta yanke masa ɗaurin rai da rai a watan Fabrairun 2012. Khalid Sheikh Mohammed kuwa, wanda ake zargi da kitsa harin 11 ga Satumba, aka kama shi a 2003 aka kuma miƙa wa kotun soja a Guantanamo, ya haura shekara ashirin a tsare ba a yanke masa hukunci ba, kuma babban abin da ya dabaibaye shari'ar shi ne azabtarwar da aka yi masa a hannun hukumar leƙen asiri ta CIA.

Ƙudurin Lautenberg bai zama doka ba. Ya sake tasowa a watan Disamban 2015 bayan harin San Bernardino da ya ci rayuka 14, Majalisar Dattawa ta ƙi shi da ƙuri'a 54 a kan 45, ko da yake maharan biyu ba sa cikin jerin. Ya sake dawowa a watan Yunin 2016 bayan kisan mutum 49 a Orlando, inda maharin ya taɓa shiga jerin lokacin da FBI ke bincikensa, aka cire shi a 2014 da aka rufe binciken. Sanata Chris Murphy ya riƙe zauren majalisa yana magana kusan sa'o'i 15. A ranar 20 ga wata aka kaɗa ƙuri'a a kan shawarwari biyu da suka shafi jerin: ta Sanata Dianne Feinstein mai ba Antoni Janar ikon hanawa, da ta Sanata John Cornyn mai ba gwamnati sa'o'i 72 ta je gaban alƙali ta kawo hujja kafin a hana. Babu wadda ta sami ƙuri'a 60 da ake buƙata. Shawarar Cornyn tana da rauni, domin kwana uku ba sa isa a haɗa shari'ar da ta dogara da bayanan sirri, amma ita ce ta sa alƙali a tsakani, kuma da an tsawaita wa'adin an gyara ta da ta fi ɗayar kusa da daidai. Kwana biyu bayan haka 'yan Democrat suka zauna dirshan a ƙasan zauren Majalisar Wakilai fiye da kwana guda suna neman a kaɗa ƙuri'a, ƙarƙashin jagorancin John Lewis, gwarzon fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, wanda shi kansa ya taɓa kokawa a 2004 cewa ana yawan tare shi a filayen jirgi saboda sunansa ya dace da na wani a jerin. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU, wadda ba ta adawa da taƙaita bindigogi a kan kansa, ta fito ta ce ba ta yarda a gina doka a kan wannan jeri ba.

Ɗan gyaran da aka samu daga kotuna ya fito. A 2014 wata alƙaliyar tarayya a jihar Oregon, Anna Brown, ta yanke cewa hanyar da aka tanadar wa mutum don ya nemi a cire sunansa daga jerin hana hawa jirgi ta saɓa wa kundin tsarin mulki, abin da ya sa gwamnati ta fara tabbatar wa 'yan ƙasa ko suna ciki, tare da ɗan taƙaitaccen dalili a wasu lokuta. Yonas Fikre, Ba'amurke ɗan asalin Eritiriya, ya ce a 2010 yana Khartoum jami'an FBI suka gaya masa an hana shi hawa jirgi, suka kuma yi masa tayin cire sunansa idan zai riƙa kawo musu rahoto a kan masallacin da yake salla a Portland. Ya ƙi, ya shafe shekaru bai iya komawa gida ba, ya kai ƙara. A 2016 gwamnati ta cire sunansa, ta nemi kotu ta kori ƙarar tunda an riga an cire shi. A watan Maris na 2024 alƙalan Kotun Ƙoli tara suka haɗu a kan cewa ƙarar za ta ci gaba, domin gwamnati ba ta bayyana abin da ya sa ta saka shi tun farko ba, ba ta kuma ba da tabbacin cewa ba za ta mayar da shi ba idan ya sake yin abin da ya yi a da.